Neman shawara: hedfon marar igiya mai tsada ya ci kuɗinsa kuwa?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Aikina na zama ne gaban kwamfuta. Ina sauraron hirarrakin da aka naɗa ina mayar da su rubutu, wani lokaci kuma mu yi taro ta intanet. Ofishin namu babban ɗaki ne guda, babu shamaki tsakanin tebura. Iyakwandishan na ta gurnani tun safe har yamma, ga abokan aiki da hira da amsa waya. Hedfon ɗin da nake da shi na bulutut ne mai araha, sai na ƙure sauti kafin in ji abin da ake faɗa, in an tashi aiki kunnena na zafi, kaina na sarawa.

Na daɗe ina tara kuɗi, idona yana kan manyan nan: Sony WH-1000XM5, Bose QuietComfort Ultra, ko AirPods Max. Amma duk sanda na zo biya sai hannuna ya ƙi. Maman yara ta ce sunan kamfani kawai zan saya. Wayata Android ce, kwamfutar ofis kuma Windows. Shin akwai bambancin da ya kai wannan kuɗi, ko in haƙura in sayi matsakaici?

Autan Mama:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka rufe ido ka saya kawai. Ranar da na fara sa irin wannan a cikin jirgi na danna maɓallin kashe hayaniya, wallahi na ɗauka injin ne ya mutu. Har hantar cikina ta kaɗa.

Injiniya:
Auta ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar jirgi ya faɗa, shi kuwa Baban Amira a ofis yake. Bari in ɗan yi bayani, don a nan mutane da yawa suke kashe kuɗi su dawo suna cizon yatsa.

Kashe hayaniyar nan, ƙananan makirfo ne a jikin hedfon ɗin suke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ciki ta ƙirƙiro sautin da ke kishiyar wannan ƙarar ta tura shi kunnenka, su haɗu su soke juna. Dabarar tana ci sosai a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: injin jirgi, injin mota, fanka, iyakwandishan. Asalinta ma ke nan. A 1978 ne Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin Bose, ya fara tunanin abin yana cikin jirgi, ƙarar injin ta hana shi jin abin da yake saurare. Matuƙan jirgi aka fara yi wa, sai a shekarar 2000 QuietComfort na farko ya fito don kowa da kowa.

Muryar mutum kuwa wata aba ce daban. Tana hawa tana sauka, tana tsayawa tana tashi, ga ta siririya, na'urar ba ta iya cim mata kamar yadda take cim ma gurnanin inji. Abin da zai faru a ofishinku shi ne, iyakwandishan zai ɓace ɓat, hirar abokan aikinka za ta ragu ta koma kamar daga nesa, amma za ka ji ta. Wasu ma suna cewa muryoyin sun fi fitowa fili bayan gurnanin ya tafi, tunda da shi ne yake rufe su. Abin da ya fi tare murya shi ne soson da ke zagaye kunne, in ya zauna daram bai bar kafa ba. Da zarar ka kunna hirar da kake rubutawa, ita ma za ta danne sauran.

To manyan sun fi matsakaitan? Sun fi, ban musa ba. Sun fi yawan makirfo, ba sa yawan yin wannan siririn "shhh" da masu araha ke yi in an yi shiru, kuma sun fi jure iska. Amma ratar da ke tsakanin naka na yanzu da matsakaici mai kyau ta fi ratar da ke tsakanin matsakaicin da babban nesa ba kusa ba, ga shi kuɗin rata ta biyun ya fi yawa.

Baban Amira:
Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Wato ba zan rabu da surutun nan gaba ɗaya ba ke nan. To ingancin sautin fa? Na ga ana ta maganar LDAC.

Malam Mai Sauti:
Ɗan uwa, LDAC ɗin nan kada ya ɗauke maka hankali. Bulutut ba ya iya ɗaukar sauti yadda yake, sai an matse shi. SBC, AAC da LDAC duk hanyoyin matse shi ne. Kowane hedfon yana da SBC, wanda ba ya wuce kilobit 328 a daƙiƙa a yawancin na'urori. iPhone tana amfani da AAC. LDAC na Sony ne, yana kaiwa 990, kuma Android ta shigo da shi tun sigar 8 a 2017, saboda haka wayarka za ta iya. Faifan CD kuwa 1,411 ne, ka ga ko LDAC ɗin bai kai ba.

Amma kai me kake saurare? Muryar mutum da aka naɗa, wataƙila ma da waya aka naɗe ta a wuri mai hayaniya. Babu hedfon ɗin da zai ƙara wa wannan naɗin abin da babu a cikinsa. Ko a kiɗa ma, yadda aka daidaita sautin hedfon ɗin da yadda ya zauna a kunnenka sun fi waɗannan lambobin tasiri. Yawancin na kasuwa ana cika musu bes, wato sauti mai kauri, don su burge mai gwaji a minti biyun farko, wannan kuwa cutar da kai zai yi, don yana dusashe magana. Duk wanda ka saya, ka shiga manhajarsa ka rage bes ɗin, ka ɗan ɗaga tsakiyar sautin inda murya take, kalmomi za su fito tar.

Ga wani abu da ba a faɗa a talla. Da zarar ka shiga taro makirfon hedfon ya buɗe, bulutut yana komawa tsarin kiran waya, sauti ya ƙanƙance ya zama kamar na tsohuwar tarho. Mai tsada da mai araha duk haka suke yi.

Anti Mai Tabarau:
Ƙanena, ni ba ruwana da lambobi, maganar kai zan yi maka, tunda ka ce yana sarawa. Abin da za ka ɗora a ka awa shida ko bakwai, nauyinsa ya fi komai. AirPods Max ya kai giram 385, na Sony da na Bose ɗin da ka ambata wajen 250 suke. A hannu ba ka jin bambancin, sai bayan awa uku wuyanka zai gaya maka. Kuma tunda Android gare ka, cire na Apple daga lissafi. Zai haɗu da wayarka a matsayin bulutut na gama-gari, amma yawancin abubuwan da aka caje ka dominsu sai da na'urar Apple suke aiki.

In kana sa tabarau ka faɗa. Ƙafar tabarau tana ɗage soson kaɗan, hayaniya ta samu hanya, sannan hedfon ɗin ya danna ƙafar a bayan kunne. Nawa sai da na canja firam zuwa mai siraran ƙafafu kafin na samu salama. Akwai kuma masu jin kunnensu ya toshe ko jiri-jiri in sun kunna kashe hayaniyar, ƙawata ba ta iya minti goma da shi. Ba a sanin wannan sai an gwada.

Mai Gyara:
Maigida, ni daga teburin gyara nake magana. Hedfon mai igiya in an kula da shi yana iya shekara goma da ɗoriya. Marar igiya kuwa rayuwarsa tana hannun batirinsa. Batirin litiyam yana raguwa da yawan caji da kuma zafi, ko na wane kamfani ne, kuma yawancinsu ba a yi su don mai shi ya buɗe ya canja ba. Garanti galibi shekara guda ne.

Sauƙin da manyan na ka suke da shi, batirinsu babba ne. XM5 na Sony awa 30 yake yi da kashe hayaniya a kunne, QuietComfort Ultra na farko 24, AirPods Max 20, Sennheiser Momentum 4 har 60. Wanda ya fara da 30, ko ya zubar da kashi ɗaya cikin uku zai kai ka kwana biyu na aiki. Ƙananan nan na turawa cikin kunne su ne ke saurin mutuwa, batirin kamar ƙwayar magani, an like shi da gam.

Abin da ake kawo mini ya fi yawa ma ba batir ba ne. Soso ne da maɗauri. Fatar roban nan tana fara tsagewa daga ɗinki, sai ka ga baƙin ɓurɓushi a kunnen mutum da wuyan rigarsa. Soson ya lotse, kashe hayaniyar ta yi rauni, mai shi ya ɗauka na'urar ce ta lalace. In aka sa sabon soso sai ya dawo garau. Saboda haka kafin ka biya ka tambayi abu uku: ana samun sosonsa? Yana da ramin igiya, ta yadda ko batir ya mutu za ka ci gaba da aiki? Inda yake lanƙwashewa yana da ƙwari? A nan manyan suna da wata riba da ba a lissafawa, don kayan gyaransu suna yawo a kasuwa shekaru bayan fitowarsu. Wanda ba a san sunansa ba, ranar da sosonsa ya mutu shi ma ya mutu. Kuma kada ka yi motsa jiki da su, ba a yi su don gumi ba.

Kawu:
Ku dai yaran nan kuna son wahala. Mutum yana zaune a tebur guda tun safe, kwamfuta tana gabansa taku ɗaya, me ya haɗa shi da bulutut? Ya sayi mai igiya mai rufaffen baya, irin na masu aikin situdiyo, ba caji, ba yankewa, ba manhaja. Sauran kuɗin ya yi wa iyali hidima.

Autan Mama:
Kawu, wayoyin yanzu da yawa ba su da ramin igiyar fa. Tun 2016 Apple ya cire a iPhone 7, sauran suka bi.

Kawu:
Da waya ya ce yana aiki ko da kwamfuta?

Injiniya:
Kawu yana da hujja a wajen tebur. Sai dai mai igiyar ba zai taɓa gurnanin iyakwandishan ba sosai, soso ba ya tare ƙara mai kauri. Wannan gurnanin kuwa shi ne yake sa shi ƙure sauti.

Maman Hanif:
Nan nake son a tsaya, don ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar ƙure sautin nan ita ta fi tayar mini da hankali a cikin duk abin da ya rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba. In ya kai 90, awa 4 kacal ne a makon. Kai kuma kullum kake yi. Ƙwayoyin cikin kunne da ƙara ke kashewa ba sa tsirowa. In kashe hayaniya zai sa ka dawo da sautin rabi, wannan kaɗai dalili ne na saye, kuma matsakaici mai kyau ma zai yi maka wannan. Baban Amira, in ka taɓa jin kunnenka yana ƙara shi kaɗai bayan ka cire hedfon, kada ka jira sayayya, je a gwada jinka.

Mai Gyara:
Na manta ban faɗa ba. In ranka ya kafe sai babban, nemi wanda ya gabaci sabon. A jerin na Sony, XM4 ya fito a 2020, XM5 a 2022, XM6 a 2025, kuma duk sanda sabo ya fito na baya yana sauka. XM4 ma yana naɗewa ya shiga jaka, XM5 ba ya yi. Amma ka yi hattara da jabu, musamman in ka ga araha ta yi yawa. Kwali da tambari ba sa nuna komai yanzu. Ka sauke manhajar kamfanin a wayarka tun kafin ka je, ka haɗa a gaban mai sayarwa, in ba ta gane shi ba ka ajiye masa kayansa. Na hannu kuma batir ne abin tsoro, ba ka san irin cajin da ya sha ba.

Baban Amira:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Hanif, akwai ƙarar, ba kullum ba amma akwai, zan je in sha Allahu. Anti, ina sa tabarau. Na cire na Apple. Yanzu tsakanin XM4 sabo da wani matsakaici nake, wanda kuɗinsa bai kai rabi ba. Wani abokin aikina yana da na Sony, zan roƙe shi aro. Me zan duba in ya ba ni?

Anti Mai Tabarau:
Karɓe shi da safe, ka zauna a kujerarka ta kullum da tabaranka a fuska, kada ka cire sai an tashi. Fara kunna kashe hayaniyar babu komai a ciki, ka ji abin da ya rage na ɗakin. Sannan ka sa hirar da ta fi ba ka wuya, ka duba lambar da sautin ya tsaya ka gwama da inda kake kai naka. Da yamma ka taɓa bayan kunnenka da tsakar kanka.

Malam Mai Sauti:
Ka gwada tsayarwa da ci gaba sau da yawa kamar yadda kake yi a aiki. A wasu kwamfutocin bulutut yana haɗiye harafin farko in an ci gaba bayan an tsayar, ga mai rubuta hira wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. In ka ga haka, soka igiyar da ke cikin kwalinsa, kashe hayaniyar tana aiki da ita ma muddin hedfon ɗin a kunne yake. Matsakaicin kuma ka tambayi mai sayarwa ko yana karɓar kaya in ba su yi ba, da kwana nawa yake bayarwa.