Yadda za ka gane Paidia a jikin tulunan Girkawa

Paidia ita ce allahiyar wasa a tatsuniyoyin Girkawa, ana zana ta a matsayin budurwa. In kana son gane ta, kar ka ce fuska za ta taimake ka, masu zanen Atina na wajen 420 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa duk kusan iri ɗaya suke zana 'yan mata irinta, sai ka nemi sunan da aka rubuta kusa da kanta, shi ma wani lokacin ya goge. Sannan duba wa take tare da shi, yawanci cikin tawagar Afrodita allahiyar soyayya take, ita da Eunomia allahiyar tsari da oda da Peitho allahiyar lallashi. Wani ya ce a fara da ƙaramar kwalbar turare da ke gidan tarihi a birnin Munik na Jamus, inda take tura Himeros, allan sha'awa, a lilo. Zanenta da ke jikin wani ƙaramin mazubi mai murfi a gidan tarihi na Niyok ya fi burge ni gaskiya, sanda ta ɗora a kan yatsa tana ƙoƙarin kar ta faɗi.