Masu ilimin ƙididdiga ku agaza min, difens ya matso

Mamba mara suna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare nan Gombe, digiri na biyu nake yi, kullum daga aji sai gida sai zaryar ofishin sufabaiza, ga yara ga maigida yana ta cewa karatun nan ya ƙi ƙarewa, kuɗin firintin ma sai da na sayar da tunkiyata. To aikin dai aji biyu ne, ɗaya na koyar da su da Hausa ɗayan da Turanci zalla, na yi musu gwaji farkon zango da tsakiya da ƙarshe. Sufabaiza ya ce ANOVA mai gauraye zan yi, wato dabarar kwatanta makin azuzuwan biyu a gwaje-gwajen uku. Na zuba makin a manhajar ƙididdiga ta SPSS ya watso min tebura rututu, wani Mauchly yana ƙasa da 0.05, kuma yawan ɗaliban ya ragu ban san inda suka shiga ba. Ya zan yi don Allah?

Wani lakcara daga Bauchi:
Wa alaikis salam Malama. Ba su ɓata ba, SPSS ne yake cire duk wanda ya rasa gwaji ko da guda ɗaya. Shi kuma Mauchly yana duba ko bazuwar bambancin maki tsakanin kowane gwaji biyu daidai take, tunda ya gaza 0.05 ba daidai ba ce, sai ki karanta layin Greenhouse-Geisser, in epsilon, wato lambar da ke nuna yadda bazuwar ta kusa zama daidai, ya haura 0.75 ki ɗauki layin Huynh-Feldt. Kuma amsar bincikenki tana layin da ya haɗa lokaci da rukuni, shi zai nuna ko ajin Hausa ya fi ɗayan saurin tashi. Sauran ba su ne tambayarki ba.

Wata 'yar uwa:
Hmm Allah sarki. Ni wani mai shagon kwamfuta na ba wa nawa, ya karɓe min kuɗi ya kawo sakamakon da ko shi bai iya karantawa ba, har yau bai ɗaga wayata. Ki yi t-test mai kwatanta matsakaici biyu kawai ki huta Anti.

Lakcaran:
Haba Hajiya. Kowane t-test yana da kasadar kuskure kashi 5 cikin 100, in ta jera su kasadar taruwa take yi, ekstanal, mai jarrabawa daga wata jami'a, zai kama ta nan take.

Wani ɗalibi:
Yallaɓai ai mu ANCOVA aka sa mu, a riƙe gwajin farko a matsayin ma'aunin daidaitawa. Malama azuzuwan naki daidai suka fara kuwa? Kuma su wa suka rasa gwajin?

Mai tambaya:
Yaran da suka tafi girbi ne, yawancinsu 'yan ajin Hausa. Yanzu ma na cike musu da matsakaicin makin aji, ai na san ƙoƙarin kowa.

Lakcaran:
Kash! Wannan matse bazuwar maki yake yi, ya sa sakamako ya yi kyan da ba nasa ba. Ki goge, ki koma linear mixed model, yana aiki da makin da yaro ya samu ko bai cika uku ba, za ki iya yin sa a manhajar R, kyauta ce. Sannan aji ɗaya a kowane ɓangare, ta yaya za ki raba tasirin harshe da halin ajin?

Mai tambaya:
Malam ni na koyar da duka biyun fa, kuma sufabaiza ya riga ya sa hannu a babi na uku, ban isa in canza ba. Ni dai layin da zan kwafa nake nema.

'Yar uwar:
Wai akwai wanda ya san yadda zan karɓo kuɗina wajen mutumin nan?