Rawar fatar ido: alama ce ko gajiya ce kawai?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan rawar fatar ido. Kwanan nan fatar idona na hagu ta ƙasa take ta karkarwa, ta tsaya, ta sake dawowa, musamman da yamma bayan na daɗe a gaban kwamfuta. Babu ciwo, kuma ko a madubi da ƙyar ake ganin motsin. Yayata ta ce rawar idon hagu alama ce ta baƙin ciki da ke tafe, shi ya sa hankalina ya kasa kwanciya. Shin cuta ce, kuma maganar da ake yi tana da tushe?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana yana faruwa ga kusan kowa. Akwai wata siririyar tsoka da ta kewaye ido, wadda aikinta shi ne rufe shi da ƙiftawa, kuma idan jijiyar da ke ba ta umarni ta wahala, sai wani ɗan sashe nata ya riƙa motsi da kansa ba tare da mutum ya nufa ba. Yawanci ido ɗaya abin yake kamawa, kuma a fatar ƙasa, daidai yadda kika faɗa.

Manyan dalilan su ne ƙarancin barci, damuwa, yawan shan gahawa da shayi da lemukan ƙara kuzari saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsu, sai kuma bushewar ido. Wannan na ƙarshe shi nake zargi a lamarinki, domin mai kallon kwamfuta ko waya yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, har idon ya bushe ya gaji. Duk bayan minti 20 ki ɗauke idonki ki dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ki daina shan gahawa da yamma, ki sami isasshen barci, sannan ki ɗora tsabtataccen ƙyalle mai ɗumi a kan idon kafin ki kwanta. Galibi yana wucewa da kansa cikin kwanaki kaɗan ko 'yan makonni.

Dattijo Mai Nazari:

'Yata, batun fassarar kuwa camfi ne, kuma abin da ya fi tabbatar mini da haka shi ne yadda al'ummomi suka saɓa wa juna a kansa. A ƙasar Sin ana cewa rawar idon hagu arziki ne, ta dama kuma masifa, wato akasin abin da yayarki ta faɗa miki. A Indiya kuma an raba ne tsakanin jinsi: idon dama alheri ne ga namiji, na hagu alheri ne ga mace. Wasu suna cewa baƙo ne zai zo, wasu kuka. Tsoka ɗaya ce take motsi a fuskar kowa, to ta yaya za ta ba kowace ƙasa labari daban? Ga Musulmi kuma, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi. Abin da ya fi damuna shi ne, tsoron da irin wannan magana take jawowa yana hana barci, rashin barcin kuma ya ƙara wa idon rawa.

Malam Mai Bibiya:

Ina goyon bayan duka bayanan biyu, sai dai kada a ɗauka kowace rawar ido ce za a ƙyale. Idan ta wuce makonni biyu zuwa uku, ko idon yana rufewa gaba ɗaya, ko fatar ta saki ta sauko, ko akwai ja da kumburi da kwantsa, a je wurin likitan ido. Haka nan idan motsin ya sauka zuwa kunci da gefen baki a ɓangare ɗaya na fuska, domin sau da yawa jijiyar jini ce take danne jijiyar da ke motsa fuska. Akwai kuma nau'in da ke matse idanu biyu tare har ya hana mutum karatu ko tuƙi, wanda ake yi wa allurar Botox, mai sassauta tsoka, kusan duk bayan wata uku.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Babu ko ɗaya daga cikin alamomin da Malam ya ambata a tare da ni, don haka zan fara da gyara barcina da rage gahawa, in bai daina ba kuma zan ga likita.