Ƙwayar cuta a jini: abin da muka tattara a zaman Maraɗi

Mun zauna da ma'aikatan jinya da masu jinyar 'yan uwa, kuma magana ɗaya ta fi yawo: idan ƙwayar bakteriya ta shiga jini, jinkiri ke kisa. Shawarar likitocin duniya ita ce mai tsananin ciwo ya samu allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 1, bayan an ɗebi jininsa don gwaji. Asibitin da ke yin haka, ya ƙara ruwa, ya riƙa auna hawan jini da fitsari har cikin dare, ya fi ceton rai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar kowane zazzaɓin damina a matsayin na cizon sauro. In gwaji bai nuna maleriya ba, ga numfashi sama-sama, jiki ya yi sanyi ko hankali ya gushe, kada a tsaya wurin mai maganin tebur. Jarirai, masu jego da yara masu tamowa sun fi shiga haɗari. Mutanen Dakoro da Tasawa, a jihar Maraɗi, su nemi takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti da wuri.

Wata unguwarzoma ta ƙara da cewa mai jinya ya duba wurin allurar ƙarin ruwa. In ya kumbura ko ya yi ja, a faɗa nan take, kuma a wanke hannu da sabulu kafin taɓa shi.