Neman shawara: fim ɗin damben Stallone da De Niro, ya dace in kunna wa Baba?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka kalli Grudge Match, fim ɗin nan na 2013 da Sylvester Stallone da Robert De Niro suka fito a tsofaffin 'yan dambe. Mahaifina ne aka yi wa aiki a gwiwa, likita ya ce ya zauna wuri ɗaya sai ƙafar ta yi ƙwari, shi kuma mutum ne da bai saba zama ba sam, yanzu daga rediyo sai carbi sai barcin da ba ya jin daɗinsa, abin yana damuna wallahi. Tun yana saurayi masoyin Stallone ne, har yau Rambo yake ce masa kamar sauran sa'anninsa, Rocky kuwa, fim ɗinsa na dambe, ya san shi ciki da bai. Shi ne na ce bari in samo masa wani abu mara nauyi da zai sa shi dariya.

Damuwata biyu ce. Na farko na duba intanet na ga masu sharhi sun yi wa fim ɗin kaca-kaca, wai zubar da girma ne manyan jarumai biyu suka yi saboda kuɗi, to ina tsoron in kunna masa ya ga gwaninsa ya zama abin dariya ransa ya ɓaci, ga shi dama kwanan nan maganar tsufa ta tsaya masa a rai. Na biyu kunya. Baba yana jin Turanci sarai, ya daɗe yana aikin gwamnati, duk wata maganar banza da za a yi sai ya ji ta, kuma jikoki ba sa rabuwa da ɗakinsa. Wanda ya kalla ya faɗa min gaskiya dan Allah.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai na kalla kuma na yi dariya har da hawaye. Labarin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne, 'yan dambe ne biyu a garin Pittsburgh, Stallone shi ne Razor, De Niro shi ne Kid, sun kara sau biyu a shekarun 1980 kowa ya ci ɗaya, ana shirin na uku wanda zai raba gardama sai Razor ya ce ya bar dambe bai gaya wa kowa dalili ba. Shekara 30 suna gaba da juna. Razor ya koma aikin ƙarfi ko talabijin ba shi da ita a gida, Kid kuma ya buɗe wajen sayar da motoci da mashaya amma abin yana cinsa a rai kullum. Sai ga Kevin Hart, ɗan tsohon dillalin wasansu, ya lallaɓo su za a ɗauki motsinsu a saka a gem ɗin kwamfuta, suka haɗu a wajen cikin wasu korayen kaya masu matse jiki suka kaure da faɗa, wani ya ɗauka a waya bidiyon ya karaɗe duniya, daga nan aka ce to sai an yi na ukun. Wanda ya fi ba ni dariya ma ba su biyun ba ne, Alan Arkin ne, tsohon kocin Razor, bakinsa ba ya shiru. Ka kunna masa kawai ɗan uwa.

Malamin sakandare: Allah ya ƙara sauƙi. Ni kam ban ga abin yabo ba, kuma ba don masu sharhi sun faɗa ba, da idona na gani. Duk wanda ya kalli Raging Bull na 1980 ya ga yadda De Niro ya zama Jake LaMotta, mutumin da ya ƙara kusan kilo 27 a jikinsa don kawai ya nuna yadda ɗan damben ya lalace bayan ya bar fili, har ya ci kyautar Oska a kai, sannan ya zo ya gan shi a nan yana da shekara 70 ana yi masa ba'ar tumbi da nonon maza, wallahi sai ya ji wani iri. Haka Rocky na 1976, Stallone da kansa ya rubuta labarin lokacin ba shi da ko sisi, fim ɗin ya ci Oska na gwarzon fim na shekara. Waɗannan su ne jarin da aka ɗauko aka kashe a Grudge Match. Rabin barkwancin nasu ma tsokanar tsoffin finafinan ne, shan ɗanyen ƙwai, shiga ɗakin sanyi na mahauta zai naushi nama a ce masa kai sayayya muka zo. Sauran rabin kuma tsufa ne, maganin tsofaffi, gwajin asibiti, kurumta. Kasuwa ma ta ba da amsa, an kashe wajen dala miliyan 40 an samo wajen miliyan 45 a duk duniya, ga shi ranar Kirsimeti aka sake shi lokacin da Amurkawa suka fi cika silima. In ka cire kason masu gidajen silima da kuɗin talla ai faɗuwa ce.

Maman 'yan biyu: Ku tsaya, duk kun bar tambayarsa ta biyu wadda ita ce babba. Ɗan uwa kar ka kuskura ka kunna wannan fim kana zaune da mahaifinka da jikoki ba ka fara kallonsa kai kaɗai ba. A can ma 'yan shekara 13 zuwa sama aka ware wa. Ba wai tsiraici ne a ciki ba, baki ne. Dalilin gabar tasu gaba ɗaya mace ce, Kim Basinger, budurwar Razor ce ta je ta kwana da Kid har aka samu ciki, yaron ya girma ya zo neman ubansa. Sunan yaron kansa sun mai da shi abin barkwancin batsa ana ta maimaitawa, kuma a gaban ƙaramin yaro jikan Kid ɗin. Akwai kuma inda kakan ya kai jikan mashaya ya bar shi ya bi wata mata cikin mota. Ni da maigidana muka kalla kuma ko a haka sai da na riƙa kawar da kai. Yara kam a kore su waje, babu wata magana.

Mai tambaya: Hajiya na gode ƙwarai, wannan ne abin da tallan fim ɗin bai nuna ba. Yara kam an gama maganarsu. Saura shi kansa Baba, Malam ya ƙara min tsoro da maganar ba'ar tsufa ɗin nan.

Koci: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, tunda ina horar da yara damben zamani. Kar kowa ya shiga fim ɗin nan yana neman damben gaskiya. Babu hukumar da ta san aikinta da za ta ba mai shekara sittin da wani abu lasisin hawa fili, balle wanda ido ɗaya ba ya gani, don haka Razor yake a labarin kuma ya ɓoye. George Foreman da ake ta misali da shi shekararsa 45 lokacin da ya kwantar da Michael Moorer a turmi na goma ya karɓe kambun duniya a 1994, kuma har yau ana mamakin abin. Mike Tyson da ya dawo a 2024 yana da 58 ya kara da Jake Paul mai 27, sai da aka rage turmi ya koma minti biyu aka ƙara kaurin safar hannu, duk da haka kowa ya ga ƙafafun sun ƙi. Ƙarfin naushi shi ne yake daɗewa a jikin ɗan dambe, ƙafa da numfashi su suke fara tafiya. Amma abu ɗaya fim ɗin ya kama daidai, wato yadda tsohon ɗan wasa ba ya manta wasan da ba a yi ba. Na zauna da dattawan da suka yi damben gargajiya, za su manta kisa ashirin da suka yi amma wanda aka raba su ba kisa suna tuna shi da ranarsa da garin da aka yi. Kid ɗin De Niro haka yake sak. Kuma a yaba wa Stallone, yana da 67 lokacin amma ka ga jikin ka san bai taɓa barin motsa jiki ba.

Dattijon gida: Yaro Allah ya yi maka albarka da kake tunanin mahaifinka haka. Ni na haura sittin da biyar, ina ganin ni ne sa'an babanka a nan, bari in gaya maka yadda mu muke kallon irin wannan. Malam yana jin zafin an zubar da girman jarumai, to shi yana kallonsu ne a yadda suke a 1976 da 1980, yana so su tsaya a nan. Mu kuwa tare muka tsufa da su. Lokacin da na ga Rambo na farko ina da ƙarfina, yau ni ma sai na dafa bango nake tashi daga sallaya, to in na ga Stallone yana nishi wajen jan mota, ko De Niro ya kasa ɗaga jikinsa a ƙarfe, ba raini nake gani ba, 'yan uwana nake gani, kuma dariyar da nake yi har da kaina a ciki ba tare da ɗaci ba. Abin da yake ɓata wa tsoho rai a ɗauke shi kamar ya gama amfani, a riƙa yi masa magana a hankali kamar jariri. Fim ɗin nan bai yi haka ba. Mutanen nan biyu suna da zuciya, suna da taurin kai, suna da abin da suke so su gama kafin su mutu, kuma duk wanda ya raina su a farko ya dawo yana tafi.

Sannan akwai wurin da ya taɓa ni sosai, wanda bai kalla ba ya tsallake nan. A wasan ƙarshe ɗan Kid ya gaya wa ubansa cewa abokin karawarsa ba ya gani da ido ɗaya, maimakon ya ci gaba da bi ta makahon ɓangaren sai ya dawo inda Razor zai gan shi. Ɗaya ya faɗi ɗayan ya miƙa hannu ya tashe shi, can shi ma ya faɗi aka rama masa. Shekara 30 ba sa ga maciji. Mutumin da yake kwance yana lissafin rayuwarsa, wa ya ɓata wa wa ya ɓata masa, wannan wurin zai yi masa magana fiye da yadda kake zato. Ni dai bayan na kalla sai da na nemi lambar wani tsohon abokin aikina da muka daɗe ba ma magana.

Maganar kunya kuwa Hajiya ta yi gaskiya. Amma mafita mai sauƙi ce, ka haɗa masa ka ba shi rimot ka ce Baba ina zuwa, ka ja masa ƙofa. Ko ka kira masa abokinsa guda su kalla tare, ai sa'anni ba sa kunyar juna. Babanka ya ga duniya kafin a haife ka, ba abin da zai ji a ciki ya girgiza shi, zamanka a wurin ne kawai zai takura ku ku biyu.

Malamin sakandare: Baba na ji bayaninka kuma na girmama shi, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Har yanzu ina nan a kan cewa rubutun fim ɗin rago ne, Peter Segal mai ba da umarnin ɗan barkwanci ne kawai kuma ya bi hanya mafi sauƙi. In ana son Stallone da tsufa a yi shi da mutunci, Rocky Balboa na 2006 ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma shi za a iya kallo da kowa a ɗaki. Sai dai a sani matarsa ta rasu a labarin, yana yawan zuwa kabarinta, akwai sanyin jiki a ciki.

Maman 'yan biyu: To ai shi ya sa, mara lafiya ake so a sa dariya ba kuka ba. Kuma dan Allah kar wani ya kawo masa Creed na 2015 yanzu, duk da kyansa, a nan Rocky cutar kansa ce take kama shi ana ta zaryar asibiti. A bari sai ya miƙe.

Ɗan Zariya: Ni tambayata Baba ya san De Niro kuwa? Don mutanenmu da yawa Rambo da Commando suka sani, in bai san Raging Bull ba rabin armashin haɗuwar ya tafi. Ka ɗan ba shi labari kafin ka kunna, cewa wannan ma ya taɓa yin fim ɗin dambe da duniya ta yaba, shi ya sa aka haɗa su.

Mai tambaya: Ya san shi a finafinan 'yan mafiya amma ban jin ya san ya yi na dambe, zan gaya masa. Baba Dattijo na gode Allah ya ƙara girma, akwai amininsa da yake zuwa duba shi bayan la'asar, shi zan haɗa su. Zan fara kallo ni kaɗai yau da dare kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗan Fagge: Yauwa. Ka nemi mai rubutu a ƙasa, don Stallone maganarsa a cikin maƙogwaro take ko mai jin Turanci sai ya kasa kunne, Kevin Hart kuma gudu yake da baki. Bai kai awa biyu ba. Kuma ka gaya musu kar su kashe da an fara rubuta sunaye, akwai Tyson da Evander Holyfield a ƙarshe ana lallashinsu su sake karawa, duk wanda ya tuna yadda Tyson ya ciji kunnen Holyfield a 1997 zai gane abin da ake tsokana.