Shekara 55 ko 60: yaushe mai aikin ƙarfi zai huta?

Malam Sani: A ganina, duk wanda ya yi shekara 30 yana aikin ƙarfi, ko gini ne ko lodin kaya, ya kamata a ba shi fanshonsa yana da shekara 55 ba tare da an nemi takardar likita ba. A tsarin CNSS, asusun fanshon ma'aikata na Nijar, sai mutum ya kai 60, in ban da wanda likita ya tabbatar jikinsa ya tsufa kafin lokaci, shi ne ake sallama a 55. Mahaifina ya daɗe yana sauke buhunan siminti masu kilo 50 a wani kamfani a nan Maradi, har ta kai sai ya dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, amma ba shi da wani ciwo mai suna da zai kai gaban likita.

Hajiya Rabi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malam Sani. Sai dai kuɗin da ma'aikata da masu kamfani ke zubawa yau, da su ake biyan tsofaffin yau, don haka in aka rage shekara biyar na zubi kuma aka ƙara shekara biyar na biya, dole wani ya cike giɓin. Sannan wa zai tantance aikin ƙarfi? Direban tirela da ke kwana a hanyar Dan Issa ma zai ce nasa ya fi na magini wuya.

Alhaji Mamman: Hajiya, akwai ma'aunin da ba ya buƙatar wannan gardama, wato shekarun da mutum ya fara aiki. A 2023 da Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ta bar wa wanda ya fara aiki kafin ya cika 16 damar tafiya a 58, muddin ya cika shekarun zubinsa. Mai aikin ƙarfi galibi shi ne ke farawa tun yana yaro, yayin da ɗan ofis yake aji.

Hajiya Rabi: To, Alhaji, wace takarda ce za ta nuna yaron da ya fara kwaɓa ƙasa yana ɗan shekara 14? Ƴan dakon Babbar Kasuwa da ƴan ga-ruwa da leburorin da ake sallama kowace yamma, yawancinsu ba su da lamba a CNSS, balle a yi musu lissafin 55 ko 60.

Malam Sani: Wannan gaskiya ne, Hajiya, kuma ya fi damuna. Amma mahaifina yana da lamba, an cire masa kuɗi kowane wata, kuma shekara biyar ɗin ƙarshe ne suka cinye masa baya. A fara da masu rajista irinsa, ƙungiyoyin ƙwadago su zauna da asusun su fitar da jerin ayyukan, a sa lodin siminti a farko.