Neman shawara: In yarda a danna mini ƙashin baya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Kano, shekaruna 46, kuma yau mako uku ke nan ina fama da ciwon baya daga wajen ƙugu, wanda yake tsananta idan na daɗe a kan keke. Abokina ya ba ni labarin wani mai gyaran baya da yake kwantar da mutum ta gefe, ya murɗa shi da sauri har ƙashi ya ce ƙas, kuma ya ce shi ma a can ya samu sauƙi. Shin da gaske ƙashi ne yake komawa mazauninsa, kuma babu haɗari a ciki?

Wani ma'aikacin gashin ƙashi: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Wannan ƙara ba ta nufin an mayar da ƙashi wurinsa. A ƙananan mahaɗan ƙashin baya akwai ruwa mai sulɓi, kuma idan aka buɗa mahaɗar farat ɗaya sai kumfar iska ta samu a cikinsa, kamar yadda ake ji idan mutum ya ja yatsunsa. Abin da ake ganin yana faruwa shi ne tsokar da ta ɗaure tana saki, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi kuma su lafa na ɗan lokaci. Sauƙin yana samuwa, amma bai fi wanda motsa jiki ke kawowa ba, shi ya sa ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2016 ta ce a haɗa shi da motsa jiki, kada a yi shi shi kaɗai. Yawancin irin ciwonka ma yakan lafa da kansa cikin mako shida, sai yabon ya tafi ga wanda ya taɓa bayan daga ƙarshe.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, kafin kowa ya ɗora maka hannu ka duba waɗannan. Idan ƙafa tana yin sanyi ko rauni, ko tsakanin cinyoyi ya dindirce, ko fitsari da bayan gida suna kufce maka, asibiti za ka nufa a ranar. Haka kuma idan akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tibin ƙashin baya ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma murɗa ƙashin da cuta ta ci na iya kaiwa ga shanyewar ƙafafu. Mai raunin ƙashi da mai shan maganin tsinka jini su ma bai dace da su ba. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ba abin tsoro ba ne. Wuya kuwa ni ba na yarda a murɗa mini, saboda an samu waɗanda jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta tsage musu har ɓarin jiki ya shanye, ko da yake ba kasafai ba.

Wani ɗan'uwa: Shi wannan salo wani mutum mai suna Palmer ne ya yaɗa shi a Amurka tun 1895, yana cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka, maganar da bincike bai tabbatar ba. Idan mai gyaran ya ce zai warkar maka da hawan jini ko ciwon suga, ka ɗauki takalminka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Fitsari lafiya lau, zazzaɓi ma babu, sai dai babban yatsan ƙafata ta hagu yana ɗan dindircewa tun shekaranjiya, ban ɗauke shi komai ba. Gobe in sha Allahu zan sammaka asibitin ƙashi na Dala a duba ni tukuna.